Anti Mu-Gani da Hannun Auta

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, tun mai shara bai gama goge baranda ba. Ɗakinta ne na ƙarshe a sashen gashin ƙashi, can bayan ɗakin ɗaukar hoto, inda fanka ke juyawa da ƙara kamar yau za ta faɗo, amma shekara da shekaru ba ta faɗo ba. Gado ɗaya ne a ciki mai shimfiɗar roba, sai kujeru biyu, tebur, famfo, da labulen da rana ta cinye launinsa. Tana ajiye jaka za ta cire zobe da agogo ta jefa a aljihu, ta bi faratanta ɗaya bayan ɗaya ta yanke duk wanda ya fara leƙowa. Daga nan ta wanke hannu, ta rungume kofin ruwan zafi har tafukanta su yi ɗumi, don a cewarta tabo ba ya son hannu mai sanyi. Sai ta leƙa benci ta ƙare wa masu jira kallo, kuma tun daga bakin ƙofa take fara zargin kowa.

E, zargi na ce. Duk mai jiran labarin wata baiwar Allah mai fara'a da daɗin baki, ya yi haƙuri, ba ita ba ce. Wannan ko gaishe ta ka yi, sai ta dube ka sama da ƙasa kafin ta amsa. Amma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Ba a taɓa kiranta gaban taro ba, ba a taɓa manna hotonta a bango ba, alhali akwai hannuwa da gwiwoyi masu yawa da ke motsi yau saboda ita. Shi ya sa za mu tsaya mu jinjina mata, ko da za ta ce da wata manufa muka yi.

Aikinta tausar tabo ne. In likita ya yi tiyata ya ɗinke, ko wuta ta ƙona mutum, ko ƙarfe ya yage shi, ciwon yakan warke a ido, 'yan uwa su yi barka kowa ya watse. Tabon kuwa yana nan yana aikinsa a ɓoye. Yakan yi tauri, ya manne da naman da ke ƙarƙashi, ya riƙa janye fata har gwiwa ta ƙi lanƙwasa ko yatsa ya ƙi buɗewa. A lokacin ne ake turo mutum wurinta da kati a hannu. Ita kuma ta sa babban yatsanta ta danna, ta murza, ta ɗaga fatar, ta ja, kaɗan-kaɗan har tabon ya saki. Da zafi, ba ta ɓoye wa kowa. Sai dai abin da take yi sau biyu a mako ɗan kaɗan ne a cikin aikin. Sauran a gida ake yi, sau uku kowace rana, kuma ta nan ƙarya ke shigowa.

"Kin yi a gida?"

"Na yi, Anti."

"Mu gani."

Daga nan sunan ya samo asali. Mai ba da kati ya ce shi kansa sai ya buɗe fayil yake tuna sunanta na yanka, don daga likitoci har masu gadi Anti Mu-Gani suka sani.

Wani bakanike da aka yi wa aiki a gwiwa ya taɓa zuwa mata da kwalbar man tausarsa fayau, yana ta washe baki wai ga shaida. Ta karɓa ta jujjuya, ta dubi gwiwar da ta bushe ƙamas, ta ce, "Kwana huɗu kwalba guda? Gwiwa kake shafa wa ko mota?" Ya rantse, ya sake rantsewa. Da ta tsare shi da ido sai gaskiya ta fito: matarsa ce ta ga man yana da kyau, ta raba wa yara suna shafa ƙafa. Yau in kun je garejinsa a tsugune za ku same shi yana kwance taya, kuma har gobe yana cewa matar nan ta fi 'yan sanda bincike. Akwai kuma wata da aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata, ta shekara tana tafiya a ɗan sunkuye, kowa na ce mata ai jikin haihuwa ne. Ba ma ita ce mai katin ba, rakiya ta zo. Anti ta hango ta a benci ta ce, "Ke mai goyo, miƙe tsaye sosai." Ta kasa. Bayan wata biyu da kanta take shanya a igiyar sama.

Irin waɗannan suna da yawa. Amma labarin da ya sa na ɗauki biro shi ne na Auta, kuma mahaifiyarta da bakinta take ba da shi, ba ta rage ko abin da bai yi mata daɗi ba.

Auta tela ce, shekararta ashirin da shida, tana da shago mai keke biyu a bakin titi. Wata safiya ta shiga kicin da ashanar da ta shigo da ita daga waje ta ƙyasta, murhun gas ya tashi da wuta lokaci guda. Fuskarta ta tsira. Hannun dama da ke gaba shi ya sha. Aka yanko fata daga cinyarta aka dasa a lungun da ke tsakanin babban yatsa da manuni, dashen ya kama, kowa ya yi hamdala. A gida aka ce tiyon gas ɗin ne ya tsage, yayanta ya sayo sabo ya sa, maganar ta wuce. Bayan 'yan makonni tabon ya taso, ja, mai kauri, ya fara janyo babban yatsan zuwa cikin tafi. Likitan tiyata bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ya ba su mako takwas. In yatsan bai buɗe ba, zai sake yankawa ya sake ɗebo fata a ɗaya cinyar, kuma ko an yi hakan ba zai yi alkawarin za ta ƙara riƙe almakashi ba.

Ranar farko Anti ta zare mata safar nan mai matse hannu da ake sa wa masu ƙuna, ta zura yatsunta a lungun don ta auna. Biyu suka shiga, da ƙyar.

"Huɗu almakashi ke so," ta ce. "Wa zai yi miki a gida? Hagu ba za ta iya ba, kina jin zafi za ki saki."

"Ni ce," in ji Maman Auta, wadda ke zaune a kujerar gefe da jaka a cinya.

Anti tana da hanyarta ta koyarwa, kuma tana alfahari da ita. Ba a jikin majinyaci take koya wa mai jinya ba. Nata hannun take miƙawa, ta ce a danna a nan, don ta ji ƙarfin yatsan mutum a fatarta ta san ko shafa zai yi ko tausa. Ta naɗe hannun riga ta miƙa wa Maman Auta. Matar ta danna, ta murza, ta ɗaga fata daidai yadda aka nuna mata. Anti ta ji har ƙashi. Ta ce a ranta, to, yau dai an samu mai hannu. Ba ta faɗa a fili ba, don yabo ba ya fita bakinta da arha.

Mako na biyu yatsu uku suka kusa shiga. Mako na huɗu aka koma biyu.

Nan fa hankalinta ya tashi, ta shiga bin kowa da ido. Ta fara da safar. Ta juya cikinta, ta ja robar, har sunsunawa ta yi, don ta san halin masu sa ta ranar asibiti kawai. Safar ta sha jiki, ana sa ta. Ta koma kan kwalbar mai, ta ga tana raguwa daidai yadda ya kamata, ba gaggawa ba jinkiri. Ta tare yayan Auta a baranda, wanda ke kawo su a mota, ta tambaye shi ko akwai wani wuri da ake kai yarinyar a bayan idonta ana shafa mata wani abu. Ya ce wallahi babu, ya tafi yana gunaguni. Ta duba yatsun Auta ko akwai alamar ta koma ɗinki a ɓoye. Babu. Ta sake miƙa wa Maman Auta hannunta ta ce a gwada, matar ta danna har wurin ya yi ja.

"Sau nawa a rana?"

"Sau uku, Anti. Da safe, da rana, da yamma. Ko baƙi ne a gidan sai na tashi na yi."

"Minti nawa?"

"Goma-goma, da agogo."

To, in mai tausa ta iya, safa na jiki, mai na tafiya, wa ya rage? Anti ta juya kan Auta, kuma ba ta yi mata da sauƙi ba.

"Ke ce. Tana kama hannun kina fizgewa. Kina yi mata kuka tana ƙyale ki, ko ba haka ba? Ke a ganinki ni nake son almakashin? Ni ko maɓalli ban iya sawa ba. Hannunki ne, in kin ga dama ki bar shi ya dunƙule ki riƙa karɓar gaisuwa da shi."

Auta ta sunkuyar da kai. "E, Anti. Ni ce."

Wani zai ce ai shi ke nan, an kama mai laifi. Anti kuwa sai ta ƙara shiga damuwa. Shekara talatin tana tsare mutane a ɗakin nan, ba ta taɓa ganin wanda ya amsa laifi da sauri haka ba. Mai ƙarya sai ya yi musu, ya rantse, ya kawo uzuri uku. Kuma yarinyar nan a kan gadonta ba ta taɓa fizge hannu ba. Takan cije leɓe hawaye na zuba, amma hannun na nan a miƙe. Wadda ta jure yatsan Anti, na uwarta ne zai gagare ta? Ranar Anti ko abincin da ta zo da shi ba ta iya ci ba, ta ba mai shara.

Ana cikin haka sai ga shugaban sashen ya aiko a kira ta. Ashe zargin ba ta gefe ɗaya yake tafiya ba. Maman Auta ta je ofishinsa ta kai ƙara. Ta ce matar nan ba ta da imani, tana murzar hannun yarinya kamar mai wanki. Ta ce duk ranar da suka dawo daga asibiti tabon ja yake yi, wa ya sani ma ko murzar ce ke tayar da shi? Ta ce ta tsare ɗanta a baranda kamar ɓarawo, ta zagi 'yarta a gabanta. Ko dai a canza musu ma'aikaci, ko su daina zuwa su jira ranar likita.

Shugaban yaro ne a kan Anti, a gabanta ya zo koyon aiki, don haka da ladabi ya yi maganar. "Anti, ki yi haƙuri. Daga mako mai zuwa zan ba wani. Kin san yadda ƙorafi yake."

Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarami ba. Amma ba ƙarar ce ta fi damunta ba. Ta san wanda za a ba ɗin mutumin kirki ne, zai tambaya ko an yi a gida, a ce masa an yi, ya rubuta an yi. Mako uku ya rage.

"Ka bar mini zuwa ɗaya," ta ce. "In ban gano ba, ka ba duk wanda ka ga dama."

Ranar Alhamis suka shigo, uwa da 'ya, ba wanda ya yi wa wani murmushi. Maman Auta ta zauna a kujerarta ta gefe. Anti ta zare safar. Yau ba ta tafi kai tsaye kan tabon ba, yadda ta saba. Ta ɗaga hannun gaba ɗaya zuwa hasken taga ta bi shi tun daga gwiwar hannu. Wuyan hannun sumul yake, yana sheƙi, ya sha mai ya ƙoshi. Bayan hannun ma haka, har da ɗan duhu-duhu inda yatsa ya saba dannawa. Ta taɓa wurin, Auta ta ɗan zabura. Lungun yatsan kuwa, inda tabon yake, a bushe yake yana ɓarewa fari-fari. Ana tausa a gidan nan, da ƙarfi kuwa, sau uku a rana kamar yadda aka faɗa. Sai dai lafiyayyar fata ake yi wa.

Ta ɗago kai za ta yi magana, sai ta ga Maman Auta ta dukufa cikin jaka tana neman wani abu. Anti ta tsaya tana kallonta. Ranar Litinin ma da aka zare safar, jakar take bincike. Makon jiya waya ta fito da ita. Ranar farko kuwa taga take kallo. Mako biyar matar nan na shigowa ɗakin, kuma Anti, mai zargin kowa, ba ta taɓa lura da inda idonta yake ba.

Ta ɗauki biro a kan tebur ta yi ɗigo ɗaya a tsakiyar tabon.

"Maman Auta, taso ki yi mata."

Matar ta taso tana miƙa hannu wajen Anti, yadda aka saba.

"A'a. Ba nawa ba yau. Na 'yarki."

"Ai kin san na iya."

"Na san kin iya nawa."

Auta ta yi saurin cewa, "Anti, ki bar ta, na ce miki ni ce..."

"Ke yi mana shiru."

Maman Auta ta zauna a bakin gado ta kama hannun. Tana kamawa fuskarta ta juya wajen taga, kamar an ja ta da igiya. Yatsunta suka lalubo wuyan hannun suka fara aiki a nan, da ƙarfi, da ƙwarewa, nesa da tabon.

"Na yi ɗigo da biro," in ji Anti. "Ɗora yatsanki a kansa ki motsa shi. Ina so in ga ɗigon yana tafiya tare da fatar."

Yatsan ya matsa kaɗan ya tsaya.

"Ina ɗigon yake, Maman Auta?"

Matar ta ƙara juya fuska wajen taga.

"Ban ce ki faɗa mini da ka ba. Duba ki nuna mini."

"Ba zan iya ba." Maman Auta ta girgiza kai. "Tun ranar da aka kwance bandeji ban kalle shi ba. Zani nake rufawa a kai in sa hannu ta ƙasa. In yatsana ya taɓo wurin sai in ji kamar ni ce a cikin wutar." Ta saki hannun ta rufe fuska. "Ba tiyo ba ne. Lafiyar tiyon ƙalau. Ni na murɗa makunnin, na ga ashana ta ƙare, na fito in aika a sayo, maƙwabciya ta tsayar da ni da magana a ƙofa. Na manta ban rufe ba. Ni na ƙona ta, Anti. Da hannuna."

Mai shara, wanda ya shigo ɗaukar kwandon shara a daidai lokacin, ya ce shi dai tsayawa ya yi da kwandon a hannu, ya rasa gaba zai yi ko baya.

"Na sani, Mama," in ji Auta a hankali. "Na ga makunnin a murɗe lokacin da wutar ta tashi. Ni na ce wa Yaya tiyo ne."

"Kin sani? Kina ji ina murza inda ba ciwo, kina ce mini ya yi?"

"To me zan ce? Kina yi hannunki na rawa."

Jama'a, ku dubi wannan abu. Uwa na ɓoye laifi, 'ya na ɓoye cewa ta sani, kowacce na lallaɓa 'yar uwarta, yatsa kuma na ta rufewa a tsakaninsu.

A nan ne nake so in juyo gare ki, Anti. Ke ce wadda aka kai ƙara kwana biyu kafin ranar, kuma ga wadda ta kai ki a gabanki tana kuka. Da kin so, da kin rama har da ƙari, ba wanda zai ga laifinki. Da kin so kuma, da kin rungume ta kin ce ba komai, ƙaddara ce, kowa ya share hawaye a tashi, hannun ya ci gaba da dunƙulewa. Ba ki yi ko ɗaya ba.

Abin da ta yi shi ne, ta ja kujera ta zauna daf da su ta ce, "Laifin gas ba nawa ba ne, ba kuma ni zan yanke hukuncinsa ba. Amma na mako biyar ɗin nan da nawa a ciki. A hannuna na gwada ki, hannuna kuwa ba shi da tabo, kuma ba ke kika haife shi ba. Auta, na zage ki a banza, ki yafe mini." Mai shara ya ce a shekarunsa na wurin, ranar ce ya fara jin ta nemi gafarar wani.

Sannan ta kama babban yatsan Maman Auta ta ɗora a kan ɗigon, ta ɗora nata a sama.

"Buɗe ido. Ba zan danna ba sai kin kalla."

An daɗe. Daga ƙarshe matar ta juyo ta kalla. Ta ga jan naman, ta ga layin ɗinki, ta ga inda fatar cinya ta bambanta da ta hannu. Wannan karon ba ta kau da kai ba.

Anti ta danna. Auta ta yi ƙara, ƙarar gaske, har na benci suka ji. Uwar ta zabura za ta janye, Anti ta riƙe yatsan gam.

"Kar ki saki. Wannan zafin shi ne maganin. Wanda kike yi mata a gida mara zafi, shi zai kai ta ɗakin tiyata."

"Danna, Mama," in ji Auta, hawaye na bin kumatunta. "Don Allah danna. Yau ne kika fara taɓa ni a wurin."

Suka yi minti goma cif, su uku, yatsa a kan yatsa. Da suka fito, Maman Auta ba ta bi hanyar ƙofar fita ba. Ofishin shugaban ta nufa ta janye ƙararta.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya koma yadda yake ba, don ita kanta Anti ba za ta yafe mini ba. Ranar likita yatsu uku ne suka shiga, na huɗun ya tsaya a baki. Likitan ya daɗe yana jujjuya hannun, ya ce a ƙa'ida lokaci ya cika. Anti, wadda ba a gayyace ta ba amma ta biyo su har ofishin, ta ce masa mako uku kawai aka yi ana tausar gaske, ya duba abin da ukun suka yi. Ya ƙara musu wata guda. Watan nan ba a yi wasa ba. Duk zuwa sai Maman Auta ta yi a gabanta, a hannun 'yarta, ido a buɗe. Da watan ya cika, likita ya rufe fayil ya ce ba sai an sake yanka ba. Tabon yana nan, ba zai ɓace ba. In an yi sanyi yakan ɗaure, kuma yadi mai kauri har yanzu yana ba ta wuya.

Tun daga lokacin Anti ta canza hanyar da ta shekara talatin tana alfahari da ita. Har yanzu tana miƙa hannunta a gwada ƙarfi, amma ba mai jinyar da ke fita ɗakin sai ya yi a jikin majinyacinsa tana tsaye, kuma fuskarsa take kallo, ba yatsunsa ba. Ta ce ta sami uku bayan Maman Auta masu kau da kai: wani miji, wata 'ya, da wani uba da ya yi tuƙin da ya jawo wa ɗansa hatsari.

Anti, ke ce mai taurin kai da ba ta karɓar rantsuwa a madadin aiki. Ke ce wadda aka zaga a benci, aka kira marar tausayi, aka yi wa Allah ya isa a zuci, kika ji kika yi kamar ba ki ji ba, washegari kika sake ɗuma hannu kika jira mai zagin. Mun ga manyan yatsunki yanzu, sun karkace, gaɓoɓinsu sun kumbura, murfin kwalba ma sai kin nemi mai buɗe miki. A jikin mutane kika ƙarar da su, kuma ba ki taɓa nuna wa kowa don a tausaya miki ba. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa waɗanda kika koya wa su gaji ko da rabin fitinarki.

Ku kuma da za ku gaji ɗakin nan, kada ku ji kunyar a ce kun cika bincike. In an ce muku an yi, ku duba. In an amsa muku laifi da sauri, ku sake dubawa. In binciken ya biyo ta kanku, ku amsa a gaban wanda kuka ɓata wa. Mu da ke jinya a gida kuwa, in an sallamo mana namu daga asibiti, kada mu rufe tabonsa da zani don mu huta da ganinsa. Mu kalla, mu ɗora yatsa a inda yake ciwo, ko da mu ne sanadi.

Jiya na bi ta shagon Auta. Kafin azahar ta yanka riga uku, da hannun dama.